Ruwan da Kaka Ta Ƙi Sha

Mai yiwuwa shekaru sun gauraya mini wasu abubuwa, amma ina jin a bazarar shekarata ta ƙarshe a firamare ne. Na dawo daga famfo da jarka bisa kai, wuya kamar zai karye, na tarar da Kaka, mahaifiyar babanmu, kwance a inuwar rumbu, leɓunanta duk sun tsage. Gudawa ce ta kayar da ita, kuma a likita, wato asibiti, an hana a ba ta ruwan rijiyar bakin tafki, wanda shi ta sani tun tana yarinya. Na zuba mata na famfo a moɗa. Ta kurɓa, ta tofar. "Maigida, wannan ai ba ruwa ba ne, babu kowa a cikinsa."

A lakwal, wato makaranta, an sa mun haddace cewa ruwa mai tsabta ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Na karanto mata haka. Ta ce to in kai wa malamin namu ya sha, ta juya mini baya. Haka muka yi ta fama. Kullum in bi layin famfo, in dawo, in ba awaki dusa, a miƙa mata moɗa, ta kau da kai, idanunta na ƙara faɗawa. Babanmu ya yi lallashi har ya gaji, ya fara cewa a ɗebo mata na rijiyar kawai, Allah ya kiyaye.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta yarda ba. Ta wanke tsohuwar randar Kaka, ta kifa ta bisa hayaƙin garwashi, sannan ta jefa saiwar jema a cikin randar, ta juye ruwan famfon ta rufe da faifai. Da la'asar Kaka ta kurɓa, sannan ta shanye. "Ya ɗan yi hankali," in ji ta. Ta tashi daga wannan ciwon, ta ga damina da yawa bayansa.

Yanzu a Maradi ruwan leda nake sha, a tsaye, tsakanin aiki da aiki, kuma duk karatun da na yi ban iya cewa ko ruwan Kaka take ji ko randar ba. Ƙishirwa dai tana wucewa, shi ke nan.

Waɗanda suka zauna gidanmu a lokacin, don Allah in na yi kuskure a aiko mini da gyara, musamman ko jema ce ko kajiji. Inna ba ta nan balle in tambaye ta.