Ranar da faifan odinatarmu suka sauya suna

Da na kunna odinatar, wato kwamfutar ofishinmu, sai na ga faifai biyun da ke ajiye bayanai a cikinta sun yi musayar suna. Na farko ya koma na biyu, na biyu ya koma na farko.

Tsakiyar shekarun casa'in ne, ina sakatariyar wani furoje, wato shirin raya karkara, a Madarumfa. Duk awon ruwan tabki da muka daɗe muna tara wa masu lambu yana cikin faifan nan. Malam Isufu mai gyara, wanda ya dawo da injin daga Maradi, yana tsaye bayana.

Na ce, "Malam, ka kashe ni. Aikinmu ya cakuɗe."

Ya ce, "Madam, kwantar da hankalinki, wayoyin na musanya. Tsarin da ke haɗa faifan ba ya bin suna. Ya rubuta wa kowanne shaida a cikinsa, da ita yake gane su."

Na buɗe, na tarar da komai yadda na bar shi.

Ni ma an kira ni Hadiza, an kira ni Madam, yanzu Kaka ake ce mini. Ku fa, wa ke gane ku ko sunanku ya sauya?