Gidan Sauron Ja'afaru Mai Tsire

Wai an ce Ja'afaru mai tsire na kasuwar Hunkuyi ya auri cinyar rago, ya kafa mata gidan sauro, shi yana zaune a gefe yana mata fifita. Mutanen ƙauyen Taba ma cewa suke har ta haihu. To ƙarya ne, jama'a, ba a ɗaura aure ba. Gidan sauron dai yana nan.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Ja'afaru ya dawo daga aikin soja a Kwango, ya rame kamar tsinken tsirensa. Ba harsashi ne ya kusa kashe shi a can ba, zawo ne. Tsarabarsa kaf gidan sauro ce da ƙiyayyar ƙuda. Da ya gaji tukubar ubansa sai ya lulluɓe teburin naman ruf da gidan sauron, ya hana kowa latsawa da yatsa.

Nan kasuwa ta ɗauka. A garinmu nama a fili yake kwana, kowa ya ga yankan Musulmi ne. Wanda ya rufe, to mushe yake ɓoyewa. Ciniki ya tsaya cak, karnuka ma suka daina gaishe shi.

Sarkin pawa Gambo ya zo da kansa, ƙuda na take masa baya kamar fadawa. Ya ce, "Soja, ko ka yaye tsumman nan, ko ka tashi daga tukubar nan yau."

Ja'afaru ya tuna yadda zawo ya kwantar da shi a Kwango. Ya zaro wuƙa, mutane suka watse, har wani ya bar takalmi. Ashe miƙa wa sarkin zai yi.

"Ranka ya daɗe, ba na yayewa, ba na tashi. Daga yau kai za ka riƙa yanka mini ragon da hannunka. In mushe ne, naka ne."

Sarki ya karɓi wuƙar, ya jujjuya ta. Ran kasuwa ya yanka. Tukuba ta zauna, masu saye suka dawo suna sunkuyar da kai.

Taubashinsa Lado ne kawai bai daddara ba. Ya leƙo yana lasar yatsa. "Ango, yaushe za a buɗe mana fuskar amarya?"

Ja'afaru bai ko ɗago ba. "Ran da ka wanke hannun nan, Lado. Ƙuda ma ya fi ka, shi ko banza yana murza nasa kafin ya ci."