Aljihu Biyu na Haladu Mai Huɗa

Duk wanda ya yi noma a yankin Tsiga cikin shekaru ashirin da suka wuce, da wuya a ce garmar Malam Haladu ba ta taɓa ratsa gonarsa ba. Huɗa da shanu ita ce sana'arsa, gadonta ya yi. Shekarunsa arba'in da bakwai, gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma idan yana magana sai ka rantse wani labari mai daɗi ya taho da shi, ko da kuwa zancen dusa yake yi.

Bijimai biyun da yake aiki da su ba nasa ba ne shi kaɗai. Na gandu ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona ɗaya babba, ba a raba ta ba. Haladu da yayansa Shitu suke noma ta tare, mutum ashirin da uku na ci daga tukunya ɗaya, mahaifiyarsu Inna Sabuwa na tsakiya. Duk ranar da aka raba gonar, dole a sayar da shanun a raba kuɗin, Haladu kuma ya ajiye garma.

Yana da wata ɗabi'a da mutane suka daɗe suna ɗauka surutu ne. Duk gonar da ya shiga, kafin ya ɗaura wa shanu karkiya sai ya tambayi mai ita: "Me za a zuba a nan bana?" In an ce masara, ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa a aljihun dama. In an ce wani abu daban, ta tafi aljihun hagu. Mai huɗa kullum gonarsa ce ta ƙarshe, don lokacin da ruwa ya sauka kowa na jiransa. Shekara da shekaru Haladu yana ganin wannan jinkiri a matsayin asara. Daga baya ya gane cewa kafin ya kai ga tasu gonar, ya riga ya san abin da rabin gari zai girbe.

Ya kuma lura da wani abu. Duk amfanin da ya yi tsada da kaka, shi kowa ke rugawa ya shuka da damina, sai ya cika kasuwa, farashi ya zube. Ya ga haka da barkono, ya gani da shinkafa. Amma ba shi ke yanke shawara a gandu ba, Shitu ne babba.

Bara waccan masara ta yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka noma ta da yawa sun sayi babura, wasu sun yi rufin kwano. Da ruwan bara ya sauka, Haladu ya yi huɗa a gonaki talatin da takwas cikin mako uku. Wata ranar Talata bayan La'asar ya shigo gida da sauri, ko ƙafa bai wanke ba, ya tarar da Shitu zaune a tabarma kusa da Inna. Ya juye aljihunsa biyu a gabansu.

"Yaya, dubi nan. Talatin da ɗaya masara. Bakwai kacal sauran abubuwa. Waken suya kuwa mutum biyu ne."

"To, sai aka yi yaya?" in ji Shitu. "Mutum talatin da ɗaya duk mahaukata ne, kai kaɗai ne mai hankali?"

"Ba mahaukata ba ne. Farashin bara suke shukawa, kuma ba a bara za su sayar ba. Duk ranar kasuwa ɗaya za mu haɗu da su, kowa da buhunsa a ka. Ga taki ya yi tsada saboda kowa shi yake nema. Wake kuwa ɗan kaɗan yake so, kuma bai damu da an makara ba."

"Wuni kake yi kana hira da shanu, shi ya sa. Inna, kin ji ɗanki. Awara zai ciyar da mu shekara guda."

Gardama ta yi zafi har Shitu ya faɗi abin da ya daɗe yana riƙewa: in haka ne a kira dattawa a raba gonar, kowa ya shuka abin da ya ga dama.

Inna Sabuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta kai su ɗakin hatsi. A jikin bangon akwai wata tsohuwar ƙusa da mahaifinsu ya kafa. Idan buhuna suka taru suka kai ta, gidan zai ci har wata kakar.

"Shitu, ka bar masa damina ɗaya," in ji ta. "Haladu, ni ban san kasuwa ba, tuwo na sani, kuma ba a tuƙa shi da waken suya. In kaka ta yi, hatsin tuwo ya kai ƙusar nan, ko daga ina ka samo shi. In bai kai ba, da kaina zan aika a kira masu rabo."

Haladu ya bar kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ya shuka dawa. Sauran duka ya zuba waken suya. Maƙwabcinsu na gona, Alhaji Mudi, wanda masararsa ta riga ta kai gwiwa, ya tsaya a kan iyaka yana dariya.

"Malam Haladu, a ajiye mini awarar farko. Da yaji nake so."

"An gama, Alhaji. Kai ma ka ajiye mini masara, zan zo saye."

Damina ta yi kyau ga kowa. Masara ta yi goyo biyu-biyu, duk inda ka duba kore ne har bakin hanyar Bakori. Shitu ya daina zuwa gonar gandu. Idan ya wuce ta Alhaji Mudi sai ya kawar da kai.

Da kaka Haladu ya yi kuskure, kuma shi da kansa yake ba da labarin. Waken ya bushe, ya kamata a cire shi, amma mutane suka matsa masa ya ɗauko musu masara da amalanke. Ya ce kwana uku ba komai. A rana ta uku da tsakar rana matarsa Hansai ta aiko a ce masa waken na fashewa. Da ya isa, ya ji gonar na ƙara tas-tas, ƙwaya na tsalle tana faɗuwa ƙasa. Gidan duka suka fito, har Inna da ƙwaryarta tana tsince. Shitu ma ya zo, ya sunkuya ya kama aiki. A ƙiyasin Haladu, buhu uku suka bari a ƙasa. Bayan an casa, an sami buhu ashirin da shida.

Buhu ashirin da shida ba za su kai ƙusa ba, kuma ba hatsin tuwo ba ne. Komai ya rage ga kasuwa.

Ranar da suka shiga kasuwar Bakori, tun daga bakin titi buhunan masara ne jibge, wasu masu ita sun zauna a kai sun yi tagumi. Masu sayen waken suya, waɗanda ke kai wa masu matse mai da masu abincin kaji, suna ta zagaye ba su cika mota ba. Kafin a gama sauke kayan Haladu, dillalai uku sun kewaye shi, kowa na jan hannun rigarsa. Ya bar su suka yi ta ƙari a tsakaninsu. Da aka sallama, buhun wake ɗaya ya tashi daidai da buhun masara biyu da rabi.

Bai bar kasuwar da kuɗin ba. Nan take ya juya ya sayi masara buhu hamsin da biyar, goma daga ciki a hannun Alhaji Mudi.

"Na ce maka zan zo saye, Alhaji."

"Ɗauki ka tafi, Haladu. Kada ka ƙara mini zafi."

A shekarar da gonar gandu ta fi yin albarka, buhun masara hamsin ta bayar, kuma kuɗin taki ya cinye kusan ashirin a ciki.

Da hantsi washegari aka fara jera buhuna a ɗakin hatsi, yara da mata sun cika ƙofa. Masara ta hau, dawar gona ta hau kanta. Sahu na ƙarshe ya rufe ƙusar har ba a ganinta. Hansai ta rangaɗa guɗa. Shitu ya cusa hannu bayan buhu ya laluba sai da ya taɓa ƙusar, ya zaro hannun ya kakkaɓe. Ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bijiman.

"Shanun nan sun rame," ya ce. "A ƙaro musu dusa. Akwai aiki gabansu baɗi."

Maganar rabo ba ta sake tasowa ba.

Bana da ruwa ya sauka, Haladu ya tarar tambayarsa ta yi wuyar amsawa. Gona ta farko da ya shiga ta Alhaji Mudi ce.

"Me za a zuba a nan, Alhaji?"

"Kai me za ka zuba?"

Haka ya yi ta fama, sai ya leƙa buhun iri kafin ya san inda zai jefa tsakuwa. Bayan mako uku ya shigo gida, aljihun hagu ya yi nauyi har rigar ta karkace. Ya juye a gaban Shitu: ashirin da tara, kusan duka waken suya.

"To, malamin tsakuwa, bana kuma fa?"

"Masara, Yaya. Mai saurin nuna, tunda mun makara."

Shitu ya yi dariya har da tari, ya ɗauki hularsa. Tare suka hau babur ɗaya zuwa Funtuwa neman iri da taki.