Ranar da Alhaji Almu Ya Taɓa Katangata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, bayan la'asar, 'yan bindiga suka kashe maƙwabcina Alhaji Almu Mai Tirela a bakin lungunmu, nan gefen Mairuwa. Washegari da hantsi muka kai abin da suka bar mana na jikinsa makwanci.

Alhaji, ni dillalin hatsi ne. Na sha yabon masarar da ƙwari suka gama da ita har mai saye ya yi mani godiya. Yau ba ciniki nake ba, don haka ba zan ƙara maka ko tsaba ɗaya ba.

Lungunmu don jaki aka yi shi, amma kai ka rantse tirelarka ba za ta kwana a titi ba. In ka dawo daga Kudu sai ka wuce bakin lungun kaɗan, ka sa giyar baya, ka murza sitiyari hagu bodi ya nufi dama, idonka a madubi, goro a kumatu. Haka za ka zura wannan dodon har ƙofar gidanka, tsakanin ƙarfe da katangata tafin hannu ba ya shiga. Ni kuwa ina tsaye ina ihu.

"Alhaji, ka zo rushe mani gida ne?"

"Malam Yahuza, koma ciki ka sha furarka. Ranar da na taɓa katangar nan taka, ka riƙe motar."

Har gaban mai unguwa na kai ka. Ya zo ya duba, bai ga ko ƙwarzane ba, ya ce mu tashi mu ba shi wuri. Da daminar da ruwa ya cinye mani ɗaki, kai ka sauke bulo a ƙofata, ka ce wai ka gaji da kallon talaucina a madubi. Matan unguwa kuwa ba su taɓa biyan kuɗin kai hatsi Funtuwa ba in kana gari.

Ranar Talatar nan ka iso da lodin masara, kan motar na bisa titi, sai harbi ya tashi daga yamma. Babura ne, kowane da mutum biyu ko uku, suna harbin duk abin da ya motsa. Na ga mai nama ya kife bisa tukubarsa. Na ga an sare wani tsoho yana riƙe da akuyarsa. Jama'a suka kwararo lungunmu, mata da goyo, yara ba takalmi, don ta ƙarshensa akwai 'yar ƙofa mai fita gonakin dawa. Ƙofar mutum ɗaya take ɗauka. Da baburan nan sun shigo, a nan za a tattara mu kamar tumaki.

Titi a buɗe yake gabanka, Alhaji. Giya ɗaya ce tsakaninka da Funtuwa. Sai ka sa ta baya.

Ka jira na ƙarshenmu ya shige. Sannan ka taho da gudun da ban taɓa ganin ka yi ba, ka karya sitiyarin da gangan. Bodi ya daki katangata, ƙasa ta girgiza, bulo ya zubo, kan motar ya lanƙwashe ya cije ginin Malam Mas'ud da ke ɗaya gefen. Lungu ya toshe ruf. Ina jin ka ta taga kana ce wa maiɗakinka, "Larai, ja yaran! Kada wanda ya waiwaya!"

Ni na waiwaya. Ta ƙarƙashin bodi na hango ƙafafunsu. Sun yi wa gilashin ruwan harsashi, suka fizgo ka ƙasa jini ya jiƙe maka riga, suna tambayar makulli. Ashe ka wurga shi bayan katanga. Suka sa adda. Ban ji ka roƙe su ba, Kalmar Shahada na ji, har ta yanke. Suka cinna wa kan motar wuta. Kafin su rarrafo ta ƙasa, lungu ba kowa, dawa ta haɗiye mu. Sun tafi da mutane daga kasuwa, Allah Ya kuɓutar da su, amma daga lungunmu ko ɗan tsako ba su ɗauka ba.

Da aka kwana biyu muka tsinci makullin cikin turken awakina. Na kai wa Hajiya Larai. Ta juya shi a hannu, ta ce, "Malam Yahuza, ai naka ne. Ya taɓa katangar."

Na sha cin ciniki a rayuwata, Alhaji. Ban taɓa cin wanda ya ƙone ni irin wannan ba. Magina sun zo, na sallame su. Gibin nan zai tsaya yadda ka bar shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi shahadarka, Ya yalwata maka kabari fiye da yadda lungunmu ya matse ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Larai, da ɗiyanka Khairiyya da Muhammad Auwal, da direbobin tashar Funtuwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amin.

Maƙwabcinka,
Yahuza Dillali