Bencin Injin Niƙa

Wani irin kuka ne da ban sake jin irinsa ba tun ina yarinya, sai yau da la'asar, daga bakin 'yata. Ta naɗe ƙafafu zuwa ƙirji, cikinta ya yi tauri, fuskarta ta rine, ta ja numfashi ta riƙe har na ce shi ke nan. Yanzu ta yi barci, amma ku yi mini haƙuri idan zancena ya karkace.

Haka ƙanena ya yi a gidanmu na Zongo, unguwar Hausawa a wani gari na bakin teku. Da damina aka haife shi, lokacin da ruwa kan kwanta a lungunanmu, iskar teku ta shigo da danshin gishiri har tabarmi su yi wari. Da safe lafiya lau. La'asar na yi sai ya fara, ba nono, ba goyo, ba jijjiga. Babanmu ya karɓo rubutu wurin liman, an shafa masa man kaɗanya, duk a banza. Mahaifiyarmu ta rame, tana kuka tare da shi.

Goggonmu, yayar babanmu, ta yanke hukunci: ciwon cibiya ne, a kira wanzami ya yi masa tsaga a kewayen cibiyar, mugun jini ya fita. Duk 'ya'yanta suna da wannan zanen. Amma ɗaya daga cikinsu tsagar ta rure masa, ya sha jinya, shi ya sa mahaifiyarmu ta tsorata. Tsoron bai ba ta bakin musu ba.

Kakarmu ba ta yi gardama da kowa ba. Rannan da kukan ya tashi sai ta yafa mayafi, ta saɓa yaron a kafaɗa ta fita. Ni kuwa na bi ta, don ban taɓa ganin an fita da jariri yana tsala ihu haka ba. Muka wuce rumfunan mahauta, muka tsallaka hanyar jirgi, sai ga mu a injin niƙan wani Bamine, ɗan ƙabilar 'yan garin, inda mata ke layi da kwanonin jiƙaƙƙiyar masara. Wurin na warin tsami da baƙin mai, ƙara kuwa ko maganarka ba ka ji.

Wata mai sayar da kifi ta ɗaga murya da Hausarta ta kasuwa: "Maman Zongo, ina masararki? Ko yaron za a niƙa?"

"Kukan na kawo," in ji Kaka. "Matsa mini, 'yar nan."

Akwai wani benci jingine da katakon da aka ɗaure injin a kai. Ta zauna, ta kifa ƙanena a kan cinyoyinta, tafinta a bayansa. Na taɓa bencin, na ji yana karkarwa har cikin haƙorana. Yaron ya ci gaba da ihu, sannan ihun ya koma ƙunƙuni, ƙafafun suka saki. Can sai ya saki iska mai ƙarfi, har mai kifin ta tafa hannu tana yi masa barka. Ya yi barci, garin masara na sauka a gashinsa.

A hanya na dame ta da tambaya. Me ya sa ƙara ke sa shi barci, alhali a gida ana hana mu ko tari? Ta tsaya, ta jawo kaina ta manna kunnena a cikinta. Na ji ƙugi, na ji bugu, na ji wani abu kamar ruwa na gudu.

"Kin ji? Daga wuri irin wannan ya fito. Wa ya gaya muku shiru ya sani?"

Ba kullum abin ke ci ba. Wata rana injin ya lalace, wata rana ya yi kukansa har magariba a kan bencin. Amma duk ranar da wanzami ya yi sallama, sai a ce masa tsohuwa ta fita da yaron. Goggo ta yi fushi, ta yi ta gaji. Kafin masara ta nuna kukan ya tafi da kansa. Ƙanena yanzu dako yake yi a bakin teku, cikinsa sumul.

Kaka ta rasu ina aji biyu a kwaleji. Na iya zana hanjin mutum a allo, in faɗi sunan kowane lungu da Faransanci, amma har yau ban san ko ƙarar ce ta yi aiki, ko rawar bencin, ko kuwa dai lokaci kawai ta saya wa yaron. Na tambayi ma'aikaciyar asibiti kan kukan 'yata, ta ce in yi haƙuri zai wuce. Gidajen ma'aikatan jirgi da muke zaune ciki yanzu shiru ne kamar makabarta, kowa da ƙofarsa a rufe.

Ɗazu yayar mijina ta ga abin da ya faru, ta ce ta aika wa wanzami, gobe da hantsi zai zo. Na ce to, Yaya. Ba ni da furfurar da zan ce a'a. Amma na tambayi maƙwabciyata, ta ce akwai inji a bayan kasuwa, kuma tun da sassafe suke tayar da shi.