Facin da Iya Basira ta yi wa rigar Malam

Ina dama koko da safen nan aka aiko mani Iya Basira ta rasu. Ludayin ma a cikin tukunya na bar shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya san bayan tashar jirgi a Ƙaura Namoda ya san Iya, Bayarbiyar nan mai keken ɗinki. Ni kuwa Bagobira ce, kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Ban taɓa shiga shagonta na yi sallama ta amsa da mutunci ba. Sai dai ta ɗago kai ta ce, "Ga baiwata ta iso, share mani ƙyallayen nan." Ni kuma in ce barkono ya cinye mata hankali.

Haka muka tsufa.

Ta ɗinka wa jikokina kayan sallah, ta rage mani zane, ta ciyar da ni amala har na daina yi mata ƙorafi. Amma abin da ya sa na ɗauki waya yau, da ɗan bokona na yaƙi da jahilci, shi ne rigar Malam.

Malam, maigidana, yana da gona a hanyar Banga. Da keke yake zuwa, kuma ba ya baro ta sai ya yi magariba a can. Kekensa ba fitila gaba, ba fitila baya.

Ana ta faɗa a rediyo cewa doka ce a sa fitila. Wani lokaci ma'aikata su tsaya a mararraba su kama kekuna, a yi kwana biyu ana hayaniya, sai kuma ka neme su ka rasa. Na ce Malam ya sayi fitila. Ya ce, "In kunna wuta cikin daji in nuna ma ɓarayi inda nike? Ran da sunka kama masu bindiga, in sa hitila har biyu."

Gaskiyarsa. Mun ga abin da ake yi wa mutane a hanyoyin nan.

Amma masu dokar ma da gaskiyarsu, don manyan motocin da ke fitowa daga Shinkafi ba sa ganin mai keke sai sun hau kansa. Kowa da gaskiyarsa, ni ce za a bari da takaba.

Na kai wa Iya kukana, tare da rigar gonarsa da ƙaya ta yage a baya. Lokacin tana ɗinka wa 'yan kabu-kabu rigunan aikinsu, masu ratsin nan mai walƙiya. Ta ɗauko ragowar ratsin, ta shimfiɗa a kan yagewar, ta taka keke.

"Wannan ba ya haske sai an haska shi," in ji ta. "Wanda ya laɓe a daji ba zai gan shi ba, sai in ya kunna tasa fitilar ya tona kansa. Direba kuwa tun daga nesa. Kada ki gaya masa, Bagobiri ba ya jin magana sai ta zo daga bayansa."

Da rana abin launin toka ne kawai. Malam ya juya rigar ya taɓe baki. "Bayarabarki ba ta da baƙin ƙyalle?" Na ce ya ƙare.

Damina guda tsohon nan yana yawo yana walƙiya kamar tauraro, duk mai mota ya sani, shi kaɗai bai sani ba.

Sai wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Ya shigo gida bayan magariba, ya tuɓe rigar ya rataya a igiya. "Hasko mani tocila nan." Na haska. Rigar ta amsa.

Ashe wata motar shanu ce ta ci birki a bayansa har ƙaurin taya ya tashi. Direban ya sauko ya ce, "Baba, da ba don abin nan na bayanka ba, da yanzu wata magana ake yi."

Malam ya dubi rigar a igiya. Can ya ce, "Ke da Bayarabar ga kun maishe ni alamar hanya."

Washegari da kansa ya kai mata rigunan abokan nomansa. Ta yi masu duka, ta ce kyauta ce ga bayinta.

Ganina da ita na ƙarshe makon jiya ne. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya taka keken. Ta turo mani leda cike da ragowar ratsin. "Kin iya zare da allura, ko fura kaɗai kika iya sha?" Na ce ta warke ta yi abinta. Ta yi dariya ta ce, "Karɓi dai."

Ɗazu Malam zai tafi jana'iza, na fito masa da farar shaddarsa. Ya ture ta, ya ɗauki rigar gona mai faci. Na ce, "Haba Malam, cikin mutane?" Ya ce, "Wagga ita ta san ni da ita."

Har yau bai sayi fitila ba, kuma ban fasa yi masa mita ba. Ku masu hawa keke cikin gari, ku sa taku fitilar, kada ku jira a tare ku. Wanda kuma ke bin hanyar daji, ya aiko da rigarsa gidana. Ɗinkina karkatacce ne, amma ledar tana nan.

Ya Allah, baiwarKa Basira ta dawo mani da mijina gida. Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta, Ka ba 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya ce amin, ya yi mata Ƙulhuwallahu. Ni ma zan yi, ko da ta tafi ba ta 'yanta ni ba.