Ƙwayoyina sun canza launi

Na kwance ƙullin maganin a gaban likitan ƙwaƙwalwa, sai na ga ƙwayoyin jajaye. Wata biyar farare nake sha. Ko suna babu a jikin takardar.

Na ce, "Likita, anya nawa ne wannan?"

Bai ko dube ni ba. Ya juya wajen yayana da ya kawo ni a moto daga Guci, ya ce, "Ka ji ko? Yawan zargi ma yana cikin ciwon."

Yaya ya ce, "Yi haƙuri, sha kawai."

Kwana uku ke nan suna aljihuna. Ina tsoron sha, ina tsoron ciwon ya dawo.

Jama'a, in tambayata ma ciwo ce, da wane baki zan yi tambaya?